Mayo yana cin gaɓa, to ina ƙasar take zuwa?

Ɗan Dugoi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. An yi min tayin fili a nan Marwa ta arewacin Kamaru, a bakin Mayo Tsanaga (mayo shi ne kogin da ke kawo ruwa da damina, ya ƙafe da rani), kuɗinsa bai kai rabin na cikin unguwa ba. Na je na gani, wuri ne shimfiɗaɗɗe, tsakaninsa da gaɓa akwai ɗan tazara. Yanzu da rani ba ko ɗigon ruwa a mayon, yara ma ƙwallo suke bugawa a cikin yashi. Mai filin ya rantse ruwa bai taɓa hawowa wurin ba. Mahaifiyata kuwa ta ce kada in kuskura. Waɗanda suka san halin mayo, me kuka gani?

Baba na Kakatare: Wa alaikumus salam. Ɗana, mai yiwuwa gaskiya mai filin ya faɗa maka, ruwa bai hau ba. Sai dai mayo ba ta sama yake cin fili ba, ta gindi yake bi. Ya ƙwaƙule ƙasan gaɓa, saman ya tsaya a rataye, wata rana cikin dare a ji rugum. Akwai lambunan mangwaro da muka sha inuwarsu muna yara, yau wurin tsakiyar yashi ne. Ka gaya min abu biyu: gaɓar a tsaye take ko a kwance? Kuma filin a kan kwana yake ko inda mayon ya miƙe?

Ɗan Dugoi: A tsaye take Baba, ta fi tsayin mutum. Akwai wani dogonyaro a bakin, rabin saiwoyinsa a waje suke. Kuma daidai inda mayon ya karya kwana ne, filin yana ta bayan kwanar.

Baba na Kakatare: To ka bi maganar mahaifiyarka.

Malamin Lise: Baba ya gama magana, ni dalili kawai zan ƙara. Idan ruwa ya zo kwana, ba ya tafiya da gudu ɗaya. Na bayan kwana ya fi sauri, shi ke dukan gaɓa yana sassaƙe ta. Na cikin kwana kuwa gudunsa ya ragu, sai ya sauke yashin da ya ɗauko. Shi ya sa duk inda ka ga gaɓa a tsaye cak, ka dubi tsallake, za ka ga tudun yashi a kwance. Kowace damina kwanar tana ƙara matsowa wajen da take ci. Ruwan Marwa kusan milimita 800 ne a shekara, amma kusan dukansa yana sauka tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Mayon da ya yi wata takwas a bushe yana iya cika cikin sa'o'i kaɗan, ko da a garin ba a yi ruwa ba, muddin an yi a kan duwatsu. Wannan saiwar dogonyaro da ka gani a iska, a cikin ƙasa aka haife ta.

Ɗan Dugoi: Na gode Baba, na gode Malam. Na fasa. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Mai Shago a Domayo: Amin. Amma Malam ni akwai abin da ya daɗe yana damuna. Kowace shekara tifofi suna kwasar yashi daga mayo, gidajen siminti na garin nan duk da shi aka gina su, ga shi kuma bai ƙare ba. Daga ina yake zuwa?

'Yar Mokolo: Daga wajenmu yake zuwa, Yaya. Mayo Tsanaga ai daga duwatsun wajen Mokolo ya taso. Ranar da aka yi ruwan farko ka zo ka ga ƙoramu, jawur suke gangarowa.

Malamin Lise: Haka ne. Yawancin duwatsun Mandara irin dutsen nan ne mai ɗigo-ɗigo, wanda idan ka duba da kyau za ka ga ƙwayoyi iri-iri a manne, wasu farare masu ƙyalli, wasu ja-ja, wasu baƙaƙe. Muna ganinsa kamar ba abin da zai same shi, alhali kullum ana cinsa. Da rana ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, da dare ya huce, fatarsa ta waje ta riƙa tsattsagewa tana ɓarewa. Ruwan sama ya shiga tsagar ya kwanta. Wannan ruwan yana da ɗan tsami kaɗan da ya ɗauko daga iska da ruɓaɓɓen ganye, sai ya riƙa ruɓar da ƙwayoyin nan ja-ja har su koma yumɓu. Fararen masu ƙyalli su ne masu taurin kai, ba sa ruɓewa, abin da ya riƙe su ne ya saki, sai su zube. Su ne yashin da kuke gini da shi. Ga kuma saiwar baure da gamji da ke kutsawa cikin tsaga, tana kauri tana buɗa dutse. Duwatsun nan mulmulallu da kuke gani a hanyar Mokolo, wani a kan wani kamar an ɗora, ba wanda ya ɗora su. Dutse ɗaya ne ya tsage gida-gida, ruwa ya cinye kusurwoyin, sannan ya wanke garin da ke tsakani.

Mai Shago a Domayo: Ikon Allah. To tsaunin Rumsiki fa, da ya miƙe shi kaɗai?

Malamin Lise: Shi asalinsa maƙogwaron dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutse ya daskare a cikin hanyar da yake fitowa, ya yi tauri fiye da abin da ke kewaye da shi. Cikin miliyoyin shekaru ruwa ya kwashe mai taushin, ya bar mai taurin a tsaye. Dutsen Mindif ma ragowa ne, abin da ya lulluɓe shi ne ya tafi. Ba tsirowa suka yi ba, ƙasar da ke gefensu ce ta sauka.

'Yar Mokolo: Malam, ina so in ƙara wani abu, domin idan ana maganar duwatsunmu sai a yi ta maganar kyan gani a manta da mutanen da ke kai. Mutanen ƙabilar Mafa sun san wannan zaizaya tun kafin a buɗe makaranta. Duk gangaren da suke nomawa sun jera masa katangun duwatsu hawa-hawa, ba siminti ba laka, dutse kan dutse. Ruwa in ya gangaro sai ya tsaya a kowane hawa, ya nutse, ƙasar da ya ɗauko ta kwanta a bayan katanga. Kafin kowace damina gida duka ke fita gyaran inda ya zube, har tsofaffi. Suna barin gawo a gona, suna zuba takin shanu da toka. Da haka aka yi ɗaruruwan shekaru ana cin dawa da gero a kan dutsen da baƙo zai ce ko akuya ba za ta ƙoshi ba. Abin da ke ba ni tsoro yanzu, samari sun gangaro birni neman kuɗi, wasu ƙauyukan na bakin iyaka kuma rashin tsaro ya watsa su. Katangar da ba a gyara ba damina biyu ko uku ta isa ta ɓalle, in ta sama ta ɓalle ta ja ta ƙasa. Ƙasar da kakanni suka tara da hannu, ita ce wani sashe na jan ruwan da ke wucewa ta Marwa.

Baba na Kakatare: Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan ba kowa ke faɗa ba.

Injiniya: Tunda an taɓo maganar tifa bari in faɗi abin da ke raina. Yashin yana zuwa, gaskiya ne, amma zuwansa yana da iyaka. Idan aka haƙa rami a gindin gaɓa ko kusa da ƙafar gada, ruwan damina yana faɗawa ramin da ƙarfi, ya ci baya, ya zurfafa mayon. Gaɓar da aka zare wa madogara dole ta zube. Kowa ya tuna wahalar da aka sha da gadar Palar ta karye a kan Mayo Kaliyawo a ƙarshen Agustan 2020, manyan motocin Kuseri da Njamena suka yi ta jira.

Direban Tifa: Injiniya, da girmanka, kada a ɗora mana. Ruwan da aka yi a lokacin kowa ya gan shi. Kuma wa muke kai wa yashin? Ku masu gini. Ba mu taɓa kai yashi gidan da ba a kira mu ba. Yaran da ke loda mana da shebur tun asuba, da kuɗin suke ciyar da iyayensu. In ba mu ɗiba ba mayon cika zai yi ya watsu cikin unguwanni.

Injiniya: Ɗan'uwa ban ce ku kuka karya ta ba, kuma ban ce a daina ɗiba ba. Wurin ɗiba nake magana. Tudun yashin cikin kwana, inda ruwa ke saukewa da kansa, a kwashe shi ba laifi, yana ma rage wa ɗaya gaɓar matsi. Gindin gaɓa da kusa da gada ne bai kamata shebur ya taɓa ba.

Direban Tifa: Inda mota ke iya shiga nan muke ɗiba. Cikin kwana yashin da laushi, mota ta kafe ka kwana a wurin.

Hajiya Mai Masakwa: Salamu alaikum. Ina ta karatu tun ɗazu, kowa kukan abin da ruwa ya ɗauke yake yi. Mu nan wajen Bogo abin da ya kawo muke ci. Karal ɗinmu baƙar laka ce mai danƙo, da damina ko jaki ba ya ratsa ta, da rani ta tsage har ƙafar yaro na iya faɗawa. Muna yi mata 'yan kunyoyi gida-gida don ruwa ya tsaya ta sha ta ƙoshi. Ƙarshen damina mu cire irin masakwa, wato dawar rani, daga wurin reno, a huda rami da turke, a zuba ɗan ruwa, a dasa. Daga nan ba ruwan sama ko ɗigo, amma wajen Janairu zuwa Fabrairu mu yanke dawa. Mahaifina yakan ce wannan laka ba a nan aka haife ta ba, baƙuwa ce. Malam, gaskiya ne?

Malamin Lise: Allah ya ji ƙansa, gaskiya ya faɗa Hajiya. Ki ɗebo ruwan mayo a bokiti ranar da ya kawo, ki ajiye. Tsakuwa za ta zauna nan take, yashi ya biyo baya, amma ruwan zai kwana da duhunsa, sai daga baya laka mai laushi ta kwanta a sama. Abin da ke faruwa ke nan daga Mokolo zuwa wajenku. Manyan duwatsu suna tsayawa a gindin tsauni, yashi ya zube a Marwa da kewaye inda gangare ya ragu, yumɓun kuwa sai inda ruwa ya baje ya yi shiru yake sauka. Jajayen ƙwayoyin dutsen da na ce suna ruɓewa, ƙarshensu ke nan. Yumɓun karal yana kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe, shi ya sa yake tsagewa, shi ya sa kuma yake riƙe laima wata da watanni.

Mai Kamun Kifi a Maga: To ai mu ne ƙarshen hanya. Mayo Tsanaga da Mayo Bula cikin tafkin Maga suke zubewa. An yi madatsar a 1979 don noman shinkafa, tsawonta kilomita 27. Duk lakar da a da take bazuwa cikin yayre, wato fadamar da ambaliya ke rufewa, yanzu da yawa a gindin tafki take kwanciya. Bakin da mayo ke shigowa ya cike, inda muke wucewa da kwalekwale yanzu sai an sauka an tura. Can arewa kuma, da ruwan ambaliya ya daina isa yadda ya saba, ciyawar da shanu ke so ta ja baya, kifi ya ragu, har namun dajin Waza sun ji a jikinsu. Sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwan Logon wata hanya, wani sashe ya farfaɗo. Ni abin da na fahimta, ambaliyar da ta zo a lokacinta ta baje inda ta saba, taki ce.

Alhaji na Garwa: Mu ma mun gani a Binuwai. Iyayenmu sun ga jiragen ruwa suna hawowa daga Najeriya har tashar Garwa in ruwa ya cika, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Yau tashar shiru, tudun yashi ko'ina. Dalilan suna da yawa, har da titi da ya karɓe kaya. An gama madatsar Lagdo a 1982, ta ba mu wuta, amma ruwan da yake zuwa da ƙarfi ya share kogi ya shimfiɗa laka a fadama ba ya zuwa kamar da. Masu masakwa na bakin Binuwai sun san abin da suka rasa.

Ɗan Njamena: Gaisuwa ga iyaye da 'yan'uwa na tsallake. Mu a nan Shari da Logon suka haɗu, ku Kuseri mu Njamena. A Oktoban 2022 ruwa ya shiga Waliya da unguwannin kusa, mutane suka koma tantuna. Da ya janye, laka ya bari a tsakar gidaje, mai kauri, sai da shebur. Na tsaya ina tunanin daga ina ta fito. Logon yana ɗauko ruwa tun daga tudun Adamawa, wajen Ngaundere, Shari kuma daga Afirka ta Tsakiya. Su biyun ne ke ba Tafkin Cadi kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa. Duk abin da suka ɗauko can yake ƙarewa, domin tafkin ba shi da mafita zuwa teku. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin 1970 da 1980 ya sa ya ja baya sosai. Ƙasar da ya bari, kowa ya san irin masara da waken da take bayarwa a wajen Darak da Blangwa. Hausawa da yawa sun bi ruwan suka zauna, har rikicin mallakar ƙauyukan tsakanin Najeriya da Kamaru ya kai kotun duniya, ta yanke hukunci a 2002.

Mai Shago a Domayo: Wato ƙasar Ngaundere ce ake nomawa a Darak.

Ɗan Njamena: Da wani sashe nata, e. Kuma tafiyar ba ta tsaya nan ba. Hazon hunturu da ke rufe mana ido, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, arewa maso gabas da tafkin, ta wajen Faya. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi ta daki kwarin. Ƙasar wurin fara ce, mara nauyi, ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu suka kwanta a gindin tsohon tafki. Kusan kwana 100 a shekara ƙura na tashi a wurin, masana suna lissafa shi a gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Ita ce ke sauka a gonakinku da na Borno da Kano, ƙurar Sahara kuma tana tsallaka tekun Atlantika har Kudancin Amurka.

Kawu na Mora: Yaro, tsohon tafki a tsakiyar hamada? Wa ya gani? Ni dai na san ƙasa ta Allah ce, yadda ya so haka yake juya ta. Wannan lissafin na dubban shekaru ban cika natsuwa da shi ba.

Malamin Lise: Allah ya ƙara girma Kawu. Ba wanda ke musun mai juyawar, sababin da ya sanya muke dubawa, kuma shaidar tana ƙofar gidanka. Doguwar jigawar nan da ta taso daga Limani ta bi ta Pete da Bogo har Yagwa, ka san ta. Yashi ne zalla a miƙe tsakiyar ƙasar laka, a Najeriya kuma ta zarce ta wajen Bama har Maiduguri. Bakin tafki ce. Igiyar ruwa ce ta tara ta kusan shekaru 7,000 da suka wuce, lokacin da faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000. A Bodele har yau ana tsintar ƙasusuwan manyan kifaye a kan busasshiyar ƙasa. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a binne, aka auna shekarunsa kusan 8,000. Laka ce ta rufe shi, ita ta adana shi.

Kawu na Mora: Jigawar na san ta, na yi kiwo a kanta. Rijiyoyin gindinta ba sa wuyar ruwa. Maganar kwalekwalen ma na taɓa ji a rediyo. Allah shi ne masani.

Ɗan Njamena: Iskar da ke binnewa ita ke tonewa kuma, Kawu. A 2001 a hamadar Jurab aka tsinci ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da ake kira Tumai, iska ce ta share yashin da ke kansa. A Enedi kuma ruwa da iska sun sassaƙa dutsen yashi ya zama ginshiƙai da ƙofofi, ƙofar Aloba tsayinta kusan mita 120. Tun 2016 wurin yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Hajiya Mai Masakwa: Duk wannan na ji, amma kada mu yi nisa mu bar gida. Abin da Allah ke yi a hankali, mu muna hanzarta shi. Gonar da aka sare itacenta aka sayar a Marwa, aka ƙone karanta, shanu suka tattake, ruwan farko ɗaya ya isa ya kwashe samanta. Abin da ya rage fako ne, fari fat, ko garma ba ta shiga, ruwa ya zuba ya wuce. Ina da maƙwabta da gonarsu ta zama haka a idona.

Malamin Lise: Kuma kaurin yatsa ɗaya na ƙasar noma sai ya ci ɗaruruwan shekaru kafin ya samu daga dutse. Fako yana gyaruwa amma da wahala: a yi masa kunyoyi a gicciye don ruwa ya tsaya, a haƙa ramuka a zuba taki, a bar gawo da bagaruwa su tashi. A bakin mayo kuma jema da gamba suna riƙe gaɓa, saiwar jema tana nutsawa ƙasa sosai. Sai dai inda gaɓa ta riga ta tsaya cak a bayan kwana, ciyawa kaɗai ba ta isa, sai an kwantar da ita an jera duwatsu cikin ragar waya.

Injiniya: Shi ya sa na koma kan maganata. Jera duwatsun nan kuɗi ne mai yawa, unguwa ba ta iyawa ita kaɗai. Hana shebur taɓa gindin gaɓa kuwa ba ya cin ko sisi.

Direban Tifa: Yana ci, Injiniya, mu yake ci. In za mu shiga cikin kwana sai an zuba mana ɓurji a hanya, in ba haka ba kullum muna janye mota. Zan kai maganar wurin shugabanninmu ranar taro, domin ni ma gidan ƙanwata a bakin Kaliyawo yake, bara bangon bayan gidansu ya tafi. Amma ku ma ku je ku gaya wa masu unguwa da magajin gari a nuna mana wurin ɗiba a gyara hanyar shiga. Kuma in nisa ya ƙaru kuɗin tifa zai tashi, kada a zo ana mana ciniki.

Injiniya: Ka faɗa min ranar taron, zan zo da takardar da na zana kwanonin mayon daga Makabaye zuwa gada.

Direban Tifa: Lahadi ce bayan la'asar, a tasha. Ka zo da wuri, in magariba ta matso kowa watsewa yake.